DALILIN DA KE SA FUREN WARDI MUTUWA DA ƘISHIRWA ALHALI YANA CIKIN RUWA

Duk wanda ya bi ta Ikoyi ko Victoria Island ko Ikeja a birnin Ikko ya ga lambunan bakin titi inda ake sayar da shuke-shuken ado, ya kuma ga kantunan da ke ɗaura furanni domin bukukuwan aure da otal-otal da ofisoshi. Haka abin yake a Badun da Fatakwal, ko da yake bai kai na Ikko yawa ba. Waɗansu daga cikin masu aiki a wuraren nan mutanen Arewa ne da suka zo Kudu neman rufin asiri. Wani gadi ne ya kawo shi, daga baya aka haɗa masa da ban ruwan lambu. Wani aikin cikin gida yake yi, shi ke jera furanni a falon maigida. Wani kuwa ya tara ɗan jarinsa ya shiga sari da kansa.

Cikin dukan kayan da mutanen nan ke taɓawa da wuya a sami mai tsada da saurin lalacewa kamar furen wardi, wanda 'yan kasuwa ke kira ros. Yau da safe ga shi tsaye kyam a cikin bokiti, gobe war haka ya sunkuyar da kai tun bai gama buɗewa ba, alhali kuwa bokitin cike yake da ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Daga nan sai zargi ya tashi, uwargida ta ce yaro bai zuba ruwa ba, mai saye ya ce an sayar masa da tsohon kaya, mai sari kuwa ya duba ya ga uwar kuɗinsa ta narke. Masana aikin gona sun daɗe suna bincike a kan wannan al'amari, kuma abin da suka gano shi ne yawanci ƙishirwa ce ke kashe furen, domin hanyar da ruwa ke bi a cikin karansa ta toshe. Wanda ya gane yadda hanyar nan ke toshewa, ya kuma san yadda ake buɗe ta, zai iya ƙara wa furensa kwanaki ba tare da kashe wani kuɗin kirki ba.

INDA FUREN KE FITOWA

Wardi ɗan ƙasar sanyi ne, yana son hasken rana da yawa amma ya kwana cikin sanyi. Saboda haka ne ba a nomansa domin kasuwa a bakin teku irin Ikko. A Nijeriya dutsen Jos ne wurinsa, domin garin na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, daga can kuwa akan kawo furanni Kudu, tafiyar kusan kilomita 1,000 in a mota ne. Mai yawa daga cikin wardin manyan kantuna kuma daga waje yake zuwa ta jirgin sama, musamman daga Kenya.

Kenya ce kan gaba cikin ƙasashen da ke kai wa Turai wardi. Manyan gonakinta na kewaye da tafkin Naivasha, wanda ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,900, kimanin kilomita 90 daga Nairobi. Habasha ma ta shiga sana'ar sosai, akwai manyan gonaki a garin Ziway. Mai yawa daga cikin abin da ƙasashen nan biyu ke nomawa ƙasar Holan ake kai shi, inda babbar kasuwar furanni ta Aalsmeer take, sa'an nan a rarraba shi zuwa sauran ƙasashe. Saurin lalacewar wannan kaya ya bayyana a fili cikin watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsai da jiragen sama ta rufe kantuna. A Naivasha da Aalsmeer duka sai da aka yi ta zubar da furanni tuli-tuli, domin fure ba hatsi ba ne balle a zuba a rumbu a jira kasuwa ta buɗe.

A gonakin nan ba a wasa da awa ta farko bayan yanka. Da an yanke kara sai a tsoma shi cikin bokitin ruwa mai magani tun a cikin gona, a garzaya da shi ɗakin sanyi ya sha ruwa na awoyi, sa'an nan a tsince, a ɗaure, a shirya cikin kwali ba ruwa, a kai filin jirgi cikin mota mai sanyi. Daga Nairobi zuwa Ikko tafiyar kamar awa biyar ce a sama. To amma kafin a fito da kwali daga filin jirgi, a ratsa cunkoson motoci, a isa kanti, furen ya daɗe bai ga ruwa ba. A nan ne aikin mai karɓar kaya ke farawa.

YADDA KARA KE SHAN RUWA

A cikin karan wardi akwai jijiyoyi masu ɗimbin yawa, sirara ƙwarai, mafi yawansu sun fi silin gashi siranta. Ta cikinsu ruwa ke hawa daga gindi zuwa ganye da fure. Ganyen kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Tun a 1727 wani Bature ɗan Ingila, Stephen Hales, ya auna yawan ruwan da shuka ke fitarwa ta ganye. A 1894 kuma waɗansu malamai biyu na birnin Dublin, Henry Dixon da John Joly, suka bayyana yadda ruwan ke hawa sama. Ruwan da ke cikin jijiya a sarƙe yake kamar zare, saboda haka duk ɗigon da ya fita ta ganye sai ya janyo na ƙasa da shi, na ƙasa ya janyo na ƙasa, har zuwa saiwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, to a wajen shuka maganar haka take ba ragi. In zaren nan ya tsinke, ko da kogi aka tsoma kara ba zai sha yadda ya kamata ba.

Bayan an yanke fure daga uwarsa ganye ba ya daina fitar da ruwa. Muddin abin da ke shiga ta gindi ya kai abin da ke fita ta sama, furen zai tsaya da ƙarfinsa. Ran da mai fita ya fi mai shiga yawa sai yaushi ya fara. Wurin da ya fi rauni kuwa shi ne wuya, watau ɗan guntun karan da ke ƙarƙashin furen, domin bai yi ƙwari ya zama itace ba tukuna, cikar ruwa ce kaɗai ke riƙe da shi, kamar yadda iska ke riƙe da tayar keke. Da ruwa ya ragu sai wuya ya lanƙwashe saboda nauyin furen. Wannan ita ce sunkuyar wuya da masu sana'ar ke tsoro.

Abraham Halevy da Shimon Mayak na Jami'ar Hebrew sun tattara abin da aka sani game da rayuwar yankakken fure cikin rubuce-rubuce biyu da suka fito a 1979 da 1981. Wouter van Doorn na Wageningen a ƙasar Holan kuma ya shafe shekaru yana binciken toshewar karan wardi. Abubuwa biyu ne suka fi fitowa fili daga binciken nan, iska da ƙwayoyin bakteriya.

ISKA DA ƘAZANTA

Da zarar wuƙa ta raba kara, jijiyoyin da ke cikin jan ruwa sai su zuƙi iska maimakon ruwa. Iskar nan takan tsaya a bakin jijiya kamar toshiyar kwalba. In kara ya daɗe a waje ba ruwa, kamar wanda ya kwana cikin kwali, bakin yankan ya bushe, iska kuma ta ƙara shiga ciki. Wanda ya ɗauko irin wannan kara ya tsoma shi cikin ruwa yadda ya zo, to bai yi kome ba, ya kai doki bakin rafi ne da takunkumi a baki.

Abu na biyu ya fi na farko ɓarna. Ruwan jikin kara da ke tsattsafowa daga yanka, da ganyen da ya nutse ya fara ruɓewa, abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Idan da ɗumi da abinci, waɗansu irinsu na rabuwa biyu cikin ƙasa da awa guda. A ƙaddara ma sau ɗaya suke rabuwa a kowace awa, to ƙwaya guda za ta haura miliyan 16 cikin kwana ɗaya. Kara na zuƙar ruwa yana zuƙo su, su taru a bakin jijiyoyi tare da yauƙin da suke fitarwa, su liƙe hanya. Kafin ruwan bokiti ya yi duhu ko ya fara wari, ɓarna ta riga ta yi nisa. Santsin nan da hannu ke ji a jikin tsohon bokiti gidansu ne, kuma ɗauraya da ruwa kawai ba ta fitar da shi.

Abin farin ciki shi ne toshewar nan, ta iska da ta ƙwayoyin, ta fi yawa a 'yan santimitocin ƙarshe na gindin kara. Saboda haka babban magani shi ne sake yanka. A datse kamar inci ɗaya ko biyu daga gindi, watau santimita 2 da rabi zuwa 5, da wuƙa mai kaifi mai tsabta, a tsoma nan take ba jinkiri. In an yi yankan a ƙarƙashin ruwa mai tsabta ya fi kyau, domin iska ba za ta sami hanya ba. Dakusasshen almakashi murƙushe jijiyoyin yake yi. Al'adar nan kuma ta daddaka gindin kara da dutse ko guduma wai don ya sha ruwa da yawa, ɓarna ce zalla, ƙara wa ƙwayoyin abinci take yi.

Duk ganyen da zai shiga cikin ruwa a cire shi, a bar na sama. Wajen cire ƙaya kuma a yi hankali, domin kankare bawon kara da wuƙa rauni ne, kowane rauni kuwa ƙofa ce. In ba lalle ba ne a bar ƙayar da ke sama da ruwa. Bokiti ko kwalbar fure a wanke ta da sabulu da soso, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa Jik ko Hypo. Ma'aunin da masu sana'ar ke bi mai sauƙi ne, in mutum ba zai yarda ya sha ruwa a cikin mazubin ba, to bai dace da wardi ba.

ZAFI SHI NE BABBAN MAƘIYI

Yankakken fure rayayye ne, yana numfashi yana ƙona ɗan abincin da ya taho da shi daga gona. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin ƙonawar nan kan ninka sau biyu ko uku. Shi ya sa manyan 'yan kasuwa ke ajiye wardi a sanyin da bai wuce digiri 1 ko 2 sama da daskarewar ruwa ba. Da irin wannan sanyi har ta jirgin ruwa an yi ta aika wardi daga Mombasa zuwa Rotterdam, tafiyar kusan wata guda, ya isa a sayar.

Idan masana za su gwada kwanakin da wani irin wardi ke yi a kwalba, sukan ajiye shi a ɗaki mai zafin digiri 20, da laimar iska kashi 60 cikin 100, da hasken awa 12 a rana. A irin wannan ɗaki wardi mai kyau kan yi mako guda zuwa biyu. A Ikko kuwa zafin rana yakan haura digiri 30, kuma ranar 14 ga Fabrairu, wadda ake kira ranar masoya, ranar da wardi ya fi tsada a shekara, tana faɗowa daidai lokacin da garin ke shiga tsananin zafi. Saboda haka kada mai sayarwa ya yi wa mai saye alkawarin kwanakin da aka auna a ɗakin Turai.

Masu fataucin fure na da wani lissafi na kimantawa. Sukan ninka yawan zafi da yawan awoyin da kaya ya yi a cikinsa, duk lokacin da jimla ta kai 500 sai su ce fure ya yi asarar kwana ɗaya daga rayuwarsa ta cikin kwalba. A sanyin digiri 2 sai an yi awa 250 kafin a kai wannan adadi, watau fiye da kwana goma. A zafin digiri 30 kuwa awa 17 ta isa. Bayan mota da ke tsaye cikin rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya bar kwali a but ya tafi cin abinci, kuɗinsa yake dafawa.

Mai firji ya sa furensa a ɓangaren sanyi, kada ya kai shi ɓangaren ƙanƙara, domin daskarewa kashe shi take yi. Wanda ba shi da firji, ko wuta ba ta zama, yana iya sa ƙanƙara cikin ruwan bokiti, ko ya ajiye bokitin cikin kula da ƙanƙara a gefe ba tare da ta taɓa furen ba, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. A cikin duhu ƙofofin ganye kan rufe, ruwan da ke fita ya ragu. Kada a sa fure a gaban fanka ko daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, domin iska mai kaɗawa tsotse ganye take yi, haka ma iskar hunturu in ta sauko Kudu cikin Disamba da Janairu.

Mutanen Arewa sun san sanyin randa, sun kuma san dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To amma a sani cewa dabarar nan da busasshiyar iska take aiki. A bakin teku, inda iska ke cike da laima, ruwa ba ya tashi da sauri daga jikin tukunya, sanyin da za a samu kaɗan ne. Abin da ya yi aiki a Dutse ba lalle ne ya yi a Obalende ba.

WARDI BA ALAYYAHU BA NE

Masu kayan gwari a Mil 12 da sauran kasuwanni sun saba yayyafa wa alayyahu da latas ruwa don su yi kyan gani. Wanda ya fito daga wannan sana'a ya shiga ta fure yakan zo da al'adar, ya riƙa fesa wa kan wardi ruwa safe da yamma. Wannan kuskure ne mai tsada. Wardi ta ƙafa yake sha. Ruwan da ya kwanta tsakanin fallayen furen gayyata ce ga wata irin funfuna da masana ke kira Botrytis. Takan fara da ɗan tabo a fallen waje, tabon ya koma ruwan ƙasa ya yi laushi, daga baya furfurar funfuna ta rufe furen, fallaye su zube da an taɓa. Sau da yawa ƙwayarta na tare da furen tun daga gona, jiƙa kawai take jira.

Haka nan in an fito da fure daga sanyi zuwa zafi, raɓa kan kwanta masa kamar yadda take kwanta wa kwalbar lemo mai sanyi. Saboda haka yawan shigar da kaya firji da fito da shi ba alheri ba ne. A fito da abin da za a sayar kaɗai, in yana cikin leda a buɗe bakinta ya sha iska. Fallen da aka ga tabo a jikinsa a cire shi a jefar nesa da sauran kaya.

Akwai kuma wani maƙiyi da ido ba ya gani, watau iskar da ake kira etilin. Ayaba da mangwaro da tumatir in suna nuna sukan fitar da ita, tana kuma cikin hayaƙin mota da na janareta da na taba. Ita ke gaggauta nunar 'ya'yan itace, a wajen waɗansu irin wardi kuwa takan hana fure buɗewa daidai ko ta sa fallaye zubewa da wuri. Edward Sisler da Sylvia Blankenship na wata jami'a a Jihar North Carolina ta Amurka sun gano maganin da ke kare fure daga wannan iska, aka ba da izinin amfani da shi ga furanni a can a 1999, manyan gonaki kuwa na amfani da shi. Ƙaramin ɗan kasuwa maganinsa nisanta ne. Kada a ajiye wardi ɗaki ɗaya ko firji ɗaya da kayan marmari, kada a kafa tebur kusa da janareta, wanda ke bakin titi kuma ya bar yawancin kayansa a ciki, ya fito da kaɗan don talla.

ABIN DA AKE ZUBAWA A RUWA

Ruwan da ya dace da wardi na bukatar abu uku, mai kashe ƙwayoyin cuta, da ɗan tsami, da ɗan sukari. Tsami na sa ruwa ya fi saurin hawa cikin kara, yana kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin. Sukari shi ne abincin da furen zai buɗe da shi, tun da an raba shi da uwarsa tun yana ƙunshe. A gonakin Kenya akan yi amfani da sinadarin kulorin da kuma alam, irin wanda gidan ruwa ke tace ruwa da shi. Ɗan ƙunshin garin nan da kan zo tare da furen kanti shi ma haɗin abubuwan nan uku ne, in an samu a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa.

In babu shi ana iya haɗawa a gida. A cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ruwan lemun tsami babban cokali biyu, da sukari babban cokali ɗaya, da Jik ko Hypo rabin ƙaramin cokali. A nan akwai gargaɗi. Kada a kuskura a haɗa lemun tsami da Jik su kaɗai a kofi, domin sukan tayar da iska mai cutar da huhu. Kowanne a zuba shi cikin ruwan dabam, a motsa, a wurin da iska ke shiga, a kuma kawar da haɗin daga inda yara za su kai hannu. Bokitin roba ko kwalba ya fi, domin tsami na cin bokitin ƙarfe.

Sukari shi kaɗai ba tare da mai kashe ƙwayoyin ba ya fi rashinsa muni, kiwon bakteriya ne kawai. In ya yi yawa kuma yakan ƙona ganye. Ƙwayar asfirin da tsabar kuɗi da waɗansu ke jefawa a kwalba ba abin dogaro ba ne. Ƙarfin kulorin kan gushe cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka a zafin Kudu gara a sake ruwa kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, a wanke mazubi, a ɗan ƙara datse gindi. A kula da irin ruwan ma. Waɗansu rijiyoyin unguwannin bakin teku ruwansu da gishiri-gishiri, wardi kuwa ba ya shiri da gishiri. Ruwan da ya dace a sha shi ne ya dace a ba fure.

Kayan da ya iso cikin kwali kada a ɗaura shi a miƙa wa mai saye nan take. A datse gindi, a bar shi cikin takardar da aka naɗe shi, a tsayar da shi cikin ruwan nan a wuri mai sanyi da duhu na 'yan awoyi, in da hali ya kwana. Takardar na riƙe wuya a miƙe har ya cika da ruwa ya yi ƙarfi.

IDAN YA RIGA YA SUNKUYA

Furen da ya sunkuya yau ba lalle ne ya mutu ba. A datse inci biyu daga gindi a ƙarƙashin ruwa, a miƙar da wuya a hankali, a naɗe kara da furen tam cikin takardar jarida, a tsayar da shi cikin ruwa mai zurfi mai ɗan ɗumi, irin wanda hannu ke jurewa ba wahala, a ajiye a inuwa awa biyu ko uku. Sau da yawa zai tashi. Amma in wuyan ya yi baƙi ko ya yanƙwane, jijiyoyin sun riga sun lalace, babu sauran dabara.

Wajen sari ma akwai abin dubawa. A taɓa kan furen a hankali, mai kyau da ɗan tauri yake. A dubi gindin kara, in ya yi baƙi ko yana santsi ya daɗe cikin ƙazamin ruwa. A dubi fallayen waje ko da tabo, a dubi ganye ko ya fara rawaya. Furen da aka yanka tun yana ƙulle tam, koren ganyayen da ke rungume da shi ba su fara sakinsa ba, shi ya fi saurin sunkuyawa, domin wuyansa bai nuna ba. Masu lambu a Jos da masu kula da wardin gidan maigida su yi yanka da sassafe, lokacin da kara ke cike da ruwan dare, su tafi gona da bokitinsu a hannu, kada su tara kara a ƙasa sai sun gama.

A ƙaddara mutum ya sari kara 100, ashirin suka sunkuya kafin a saya. Ribar da zai ci a kan sauran tamanin ita za ta biya asarar ashirin ɗin, wataƙila ma ba ta isa ba. Abin da zai hana wannan kuwa bai wuce wuƙa mai kaifi da bokiti mai tsabta da lemun tsami da 'yar ƙanƙara ba. Mai sayarwa kuma ya daure ya gaya wa mai saye ya datse gindi ya sake ruwa in ya isa gida, domin wanda furensa ya yi kwana biyar a falo zai dawo, wanda nasa ya mutu washegari ba zai sake waiwayar teburin ba. Haka nan ma'aikacin gida ko na otal da ya iya riƙon fure, ya sami abin da zai ƙara masa daraja wurin masu gida. Allah Ya sa albarka cikin nema.